Kwamfuta a Aji: Inda Take Amfani da Inda Take Zama Kaya

A shekarar 2005 aka ƙaddamar da shirin raba wa kowane yaro kwamfutar tafi-da-gidanka mai sauƙin kuɗi, wanda wani malamin jami'a ɗan Amurka, Nicholas Negroponte, ya jagoranta. Ƙasar Peru ta rungumi shirin hannu bibbiyu, ta raba dubban ɗaruruwan kwamfutoci a makarantun firamare. Da masu bincike na bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka suka fitar da sakamakon nazarinsu a 2012, sai aka tarar yaran sun iya sarrafa kwamfuta sosai, amma a lissafi da karatu ba su fi waɗanda ba a ba su komai ba. An raba na'ura, ba a shirya abin da malami zai yi da ita a cikin darasi ba. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah, sai dai har yau ana maimaita wannan kuskure.

To a ina na'ura take yin aikin da ya cancanci kuɗinta? A wurin da malami ɗaya ba zai iya kaiwa ba. Ɗauki aji mai yara arba'in. A lissafi za ka tarar wasu sun kai matakin ajinsu, wasu suna baya da shekara biyu, wasu ko ɗebewa mai aro ba su gama kamawa ba. Malami darasi ɗaya zai koyar, kuma dole ya zaɓi waɗanda zai yi wa magana. Manhaja mai kyau kuwa tana fara gwada kowane yaro, ta gano inda ya tsaya, ta ba shi tambayoyi daidai ƙarfinsa. Idan ya yi kuskure ta nuna masa nan take, ba sai bayan mako guda da aka dawo masa da littafi ya riga ya manta abin da ya rubuta ba. An gwada irin wannan da manhajar Mindspark a birnin Delhi na Indiya, kuma a cikin wata huɗu da rabi yaran sun samu ci gaba a fili a lissafi da harshen Hindi. Abin lura shi ne ba na'ura kaɗai aka bar su da ita ba, akwai mai koyarwa da ke zama da su rukuni-rukuni.

Bita ma wuri ne da na'ura ta ƙware. Tun 1885 masanin halayyar ɗan Adam ɗan Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a kwanakin farko bayan koyo, kuma maimaitawa da tazara ta fi haddar dare ɗaya zama a kai. Manhajoji irin su Anki suna riƙe wannan lissafin: abin da ka amsa daidai su ɗaga shi zuwa kwanaki masu zuwa, wanda ka faɗi su dawo maka da shi da wuri. Ga makafi kuma akwai manhajar da ke karanta rubutu da murya, ga kurame akwai rubutun da ke bin maganar bidiyo. Wannan amfanin ba ya buƙatar muhawara.

Yanzu ga inda abubuwa ke lalacewa, kuma yawanci tun kafin a zo maganar koyarwa. Bidiyo mai matsakaicin kyau yana cin kusan megabit ɗaya a daƙiƙa, wato kimanin megabait 450 a awa. Yara arba'in su buɗe shi lokaci guda, ana buƙatar megabit arba'in a daƙiƙa ga aji ɗaya tak. Idan layin bai kai haka ba, rabin darasin zai tafi a kallon hoto yana tsayawa. Maganin shi ne a sauke darussan tun da wuri a kan ƙaramar kwamfuta guda, sauran na'urorin su ɗauka daga gare ta ba tare da intanet ba. Manhajojin Kolibri da Kiwix don haka aka yi su. Haka lissafin wuta: kwamfutoci arba'in masu cin wat 45 kowacce, wat 1,800 ke nan idan aka jona su tare, kuma tara su a kan soket ɗaya yana iya narkar da wayar wuta idan ba ta da ƙarfi. Batir kuma yana raunana bayan an yi masa caji sau ɗaruruwa, don haka a shekara ta uku za a fara ganin na'urorin da ba sa kai ƙarshen darasi. Duk makarantar da ta yi kasafin saye ba ta yi na gyara da sauyin batir da horar da malamai ba, ta sayi kayan da za su ƙare a kulle cikin kabad.

Babbar matsalar dai ita ce hankali. Wayar da ke ɗauke da darasi ita ce ke ɗauke da wasanni da saƙonni, kuma an ƙera waɗannan ne musamman don su ja ido. Rahoton 2015 na OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da raya ƙasashe, ya gano cewa ɗaliban da ke amfani da kwamfuta a makaranta daidai gwargwado sun ɗan fi waɗanda ba su cika taɓa ta ba, amma masu yawan amfani da ita sun fi kowa faɗuwa. Faransa ta hana waya a makarantun firamare da ƙananan sakandare tun 2018, Holan ta bi sahu a farkon 2024, Siwidin kuma da ta yi nisa wajen amfani da na'ura ta koma zuba kuɗi a littattafan takarda a 2023. A ganina hanin waya ya yi daidai ga ƙananan yara. Na'urar makaranta daban ce, domin ana iya kulle ta a kan manhajar darasi kaɗai, a kashe sanarwa, a jera kujeru yadda malami zai riƙa ganin fuskar kowace na'ura.

Annobar korona ta tona wani asirin. Da aka rufe makarantu a 2020, UNICEF ta ƙiyasta cewa aƙalla yara miliyan 463 ba su da hanyar bin karatu daga gida. Aikin gida da sai da intanet ake yin sa yana ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi ne kawai.

Tun fitowar ChatGPT, manhajar da ke amsa tambaya da yin rubutu kamar mutum, a Nuwamban 2022 kuma sai aikin gida ya shiga wani hali. Yaro zai kawo insha'i mai tsabta wanda bai san abin da ke cikinsa ba, kuma kayan aro ba ya rufe katara, ranar jarrabawa ake ganewa. Manhajojin da ke iƙirarin gano rubutun na'ura ba abin dogaro ba ne, sukan ɗora wa mai gaskiya laifi. Abin da ya fi aiki shi ne a rubuta daftarin farko da hannu a cikin aji, a karɓi daftarin tare da aikin ƙarshe, sannan a ɗauki minti biyu a tambayi ɗalibi da baki me ya sa ya faɗi abin da ya faɗa a sakin layi na biyu. Haka kuma a riƙa ba su amsar da na'urar ta bayar su nemo kuskuren da ke ciki da littafi a hannu, domin takan ƙirƙiro shekara ko sunan littafin da babu shi, ta kuma faɗe shi ba tare da wata alamar shakka ba.