Ƙwayar da ke jakata

Laraba da dare, Daura.

Auta ya ci tuwo yau, loma huɗu, ina ƙirgawa. Alhamdu lillahi. Ƙafar da kububuwa ta sare shi tana nan suntum har gwiwa, amma dasashinsa ya daina zubar da jini.

Ni kuwa barci ya ƙi zuwa.

Da hantsi na ga yana ta cije leɓe, sai na zaro diclofenac daga jakata, wanda nake sha in ciwon baya ya matsa min. Har na ɓare, nas ɗin da ke duba ruwan da aka ɗaura masa ta riƙe min hannu.

"Yaya, kar ki ba shi."

Na ce ai na ciwo ne kawai. Ta ce dafin kububuwa cinye abin da ke daskarar da jini yake yi, shi ya sa jiya aka ɗebi jininsa a kwalba ya yi minti 20 yana nan ruwa. Allurar EchiTAb da aka sa masa garkuwa ce da aka tace daga jinin dabba, ita ke bin dafin tana kashe masa ƙarfi. "Ƙwayarki ba ruwanta da allurar. Jinin da muke lallaɓawa ya daskare take ƙara tsinkawa." Da ita da ibuprofen da asfirin duk jirgi ɗaya ya kwaso su: su hana jini tsayawa, su gurje ciki, su wahalar da ƙoda. Farasitamol kaɗai aka yarda ya sha.

Sannan ta tambaya ko an ba shi wani abu kafin a kawo shi.

Na yi shiru. Jiya a mota, daga gonar gyaɗa zuwa gari, yana kuka yana kiran sunana, ni da hannuna na ba shi ɗaya. Da ƙyar na faɗa mata. Ba ta yi min faɗa ba, ta rubuta a katinsa, ta ce in na ga baƙin bayan gida ko jini a fitsari in kira ta nan take.

Inna ta aiko da fura. Baffa ya sayar da akuya biyu.

Tun magariba sau uku ina haska robar fitsarinsa da fitilar waya. Har yanzu fes yake. Da asuba zan sake dubawa.