Ka ɗauki hoton diskin gaba ɗaya, ba C kaɗai ba

Jama'a akwai abinda ke damuna da yadda muke yin bakof. Mutum zai kwashe takardunsa da hotuna ya zuba a filash yace shikenan ya gama. Toh madalla, fayiloli sun tsira, amma ranar da diskin ya mutu ko Windows ta ƙi tashi zaka zauna kana ɗora komai daga farko, manhajoji ne, direbobi ne, lasisin da ka saya, saitin imel da na firinta, da duk ƙananan gyare-gyaren nan da ka jima kana yi har ka manta kai ka yi su. Hoton diski shi ke raba ka da wannan wahalar, domin kwamfutar yake ɗauka yadda take a ranar, ka mayar da shi kan sabon diski ta tashi kamar ba abinda ya faru.

Inda mutane ke zamewa shi ne su ɗauki C kawai. Don Allah ka buɗe Disk Management ka duba da idonka, zaka ga wani ɗan ƙaramin ɓangare, yawanci wajen 100MB, an rubuta masa EFI, ba shi da harafi, baya fitowa a inda kake ganin fayiloli. Ɗan mitsitsin nan shi ke tada Windows. Ka bar shi a baya, ka mayar da C lafiya lau, ka kunna, sai baƙin allo ya gaya maka bai ga abin tashi ba, alhali komai naka na ciki.

Ni dai cikin manhajojin ɗaukar hoton diski Clonezilla nafi yarda da ita. Kyauta ce, a Taiwan aka ƙirƙiro ta, zaka saka ta a filash da Rufus ko Ventoy sannan ka tada kwamfutar daga filash ɗin, kaga Windows na kwance ba abinda ke motsi a diskin yayin kwafi. Fuskarta ba kyau gaskiya, rubutu ne zalla sai kibiyoyin kibod, amma aikinta tsaf. Ka zaɓi device-image, sannan savedisk mai ɗaukar diskin gaba ɗaya, ba saveparts mai ɗaukar ɓangaren da ka zaɓa kawai ba, nan ne duk maganar take. Kuma ba ta kwasar sararin da ba kowa, wuraren da ke da bayanai kawai take ɗauka ta matse su, shi yasa diski mai 500GB da aka cika 120GB hotonsa ba zai wuce 120 ɗin ba, galibi ma ƙasa da haka. Wanda rubutun nan ke tsorata shi ya nemi Rescuezilla, ita da linzami ake danna ta.

Ka natsu sosai wajen zaɓen diski. A can ba C ba D, sunaye ne irin sda, sdb, nvme0n1, saboda haka girman da sunan kamfanin zaka karanta, ka sake karantawa, musamman lokacin mayarwa domin wanda ka nuna mata shi zata shafe tas ba ruwanta.

Kafin ka fara ka kashe Fast Startup, in ba haka ba Windows bata mutuwa gaba ɗaya, rabin barci take yi. In kuma diskinka na da BitLocker, wato makullin Windows mai ɓoye bayanan diski, Clonezilla bata iya gane ina ke da kaya ina babu, sai ta kwafe ɓangaren kaf, hoton yayi girma aikin ya daɗe, kuma lallai ka rubuta mabuɗin buɗe BitLocker ɗin mai lambobi 48 ka adana a wani wuri daban. Sannan mayar da hoto kan diskin da bai kai na asali girma ba ciwon kai ne, in zaka sayi sabo ka sayi daidai ko wanda ya fi.

Windows ma tana da nata tsarin ɗaukar hoton a Control Panel, yana aiki, sai dai tun 2017 Microsoft ta daina inganta shi. Macrium Reflect na kyauta, wani mai ɗaukar hoton diskin, shi ma an daina sabunta shi tun Janairun 2024.

Da ka gama ka bar Clonezilla ta duba ko hoton zai mayu, tana da wannan zaɓin, kar ka tsallake shi don gaggawa. Ka sa kwanan wata a sunan foldar, sannan ka cire diskin waje ka ajiye, domin bairos mai kulle fayiloli irin WannaCry na Mayun 2017 yana iya bin abinda ke jone ya kulle har da bakof ɗin. Hoton na ranar da ka ɗauka ne kawai, don haka takardun da kake taɓawa kullum ka ci gaba da kwafarsu daban, shi kuma ka sabunta shi kafin babban sauyi, kamar hawa Windows 11 ko canza diski.