Gigin tsufa ba a ranar tsufa yake farawa ba

Aikin jinyar tsofaffi a gidajensu, wanda nake yi a nan Jidda, ya shigar da ni gidajen Hausawa masu yawa, kuma tambayar da na fi sha ita ce: "Malama, me za mu ba Baba ya ci ƙwaƙwalwarsa ta dawo?" Abin da masu tambayar suke jira shi ne in ambaci zuma ko habbatussauda ko zabibi. Dukkansu abinci ne masu kyau, ni ma ba na raba gidana da su, amma binciken likitanci bai tabbatar da cewa suna hana gigin tsufa ko suna warkar da shi ba. Abin da aikin ya nuna mini shi ne ana yin tambayar a makare, domin ɓarnar da ake gani a jikin dattijo mai shekara 75 sau da yawa ta soma ne tun yana ɗan 45.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarin da jiki yake ƙonawa, kuma jini ne yake kai mata shi ta wasu siraran jijiyoyi. Hawan jini da ciwon sukari da shan taba suna lalata jijiyoyin nan a hankali, ba tare da mutum ya ji ciwo ba, har sai ranar da aka wayi gari da shanyewar ɓarin jiki, ko kuma mantuwa ta fara shiga raka'o'in salla. A shekarar 2024 kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 da ake iya magancewa, ya kuma ƙiyasta cewa kusan kashi 45 cikin 100 na cutar mantuwa, wato gigin tsufa, a duniya yana da alaƙa da su. Ragowar ya fi rabi, kuma shekaru da gado suna ciki, saboda haka ba na yarda a zargi majinyaci da cewa shi ya jawo wa kansa.

Zamanmu a ƙasar nan yana taimaka wa waɗannan cututtuka. Zafin rana yana korar mutane cikin ɗaki, mota ce take kai mu ko da shagon bayan layi ne, ana cin kabsa ko mandi, wato shinkafa da nama, bayan isha'i, a bi da shayi mai sukari, sannan a yi ta hira har dare ya raba, alhali babba yana buƙatar barcin awa 7 ko fiye. Miyarmu ta gida ma ba ta tsira ba, domin ana zuba mata gishiri, a ƙara da ɗunƙulen ɗanɗano wanda shi ma gishiri ne ya fi yawa a cikinsa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya. Ba na hana kowa tuwo. Nakan ce a rage girman malmala, a yawaita wake da zogale da gero, a kuma ci kifi, tunda a bakin Bahar Maliya muke. Batun motsa jiki kuwa, minti 150 a mako hukumar ta nema, kuma duk wanda ya taɓa yin sa'ayi tsakanin Safa da Marwa, tafiyar da ta kai kimanin kilomita 3, ya san cewa ƙafarsa za ta iya tafiyar rabin awa bayan asuba.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai na kunne ne. Dattijon da jinsa ya ragu yakan fara da cewa "na'am?" sau biyu, sau uku, sai ya lura yara suna ƙosawa, daga nan ya koma gyaɗa kai kawai. Bayan ɗan lokaci ya daina fita majalisa, ya daina zama da'irar tilawar da ya saba bayan magariba, iyali kuma su ce Baba ya zama mai shiru. Raunin ji da kaɗaici duk suna cikin abubuwa 14 ɗin nan, haka ma raunin gani, wanda sau da yawa yanar ido ce da ake cirewa da ƙaramar tiyata. Na ga tsofaffin da aka ɗauka ruɗewa suka yi, amma da aka sa musu na'urar ji sai suka dawo suna gyara wa jikokinsu karatu. Wasu suna jin kunyar saka ta, har wata Hajiya ta ce mini ba za ta yi yawo da abin kurame ba; na tuna mata cewa tabarau yana fuskarta kuma ba wanda ya kira ta makauniya.

Wani bincike da aka yi a ƙasar Finland, aka wallafa a 2015, ya bi mutane 1,260 masu shekara 60 zuwa 77 na tsawon shekara biyu, ya gano cewa waɗanda aka haɗa wa gyaran abinci da motsa jiki da wasa ƙwaƙwalwa da sa ido kan hawan jini sun fi sauran riƙe kaifin tunani. Bambancin ba mai yawa ba ne, kuma daga haɗuwar abubuwan ya fito. Shi ya sa yanzu idan na gama awon majinyaci ba na rufe jakata sai na auna jinin ɗansa ko 'yarsa da suke tsaye a kansa, kuma ba sau ɗaya ba na tura wanda ya kira ni zuwa asibiti tare da mahaifinsa.