Si jeni, Baba?

A Madina muka haɗu cikin azumin da ya wuce, sahu ɗaya muke zama mu sha ruwa. Dattijo ne daga Kosobo, gemu fari fat, ba Larabci ba Turanci, ni kuma ban san kalma guda ta yarensa ba. Ya miƙo mini dabino, na miƙa masa Zamzam, kwana goma haka. Ran rabuwa jikansa ya sa mini lambarsu a waya.

Da na dawo Sakkwato sai saƙon murya ya riƙa shigowa ta WhatsApp duk Juma'a. In saurara, in ji tsoho yana magana daga zuci, ba abin da zan iya mayarwa sai sallama. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, har na ƙudura koyon yarensa. Malamin Hausa ne ni a wata sakandare a Mabera, saboda haka inda nake farawa da ɗalibaina nan na fara da kaina: wakilan suna.

Yaren Albaniyanci ne, su suna ce masa shqip. Ana jin sa a Albaniya da Kosobo da wani yanki na Masedoniya ta Arewa, da haruffa 36 da aka tsayar a taron birnin Manastir a 1908. Bayan isha'i nake shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, don ɗaki ba ya shiguwa da zafin nan namu, in buɗe littafi in yi ta maimaitawa. Unë ni, ti kai ko ke, ai shi, ajo ita. Harafin j kamar y ɗinmu yake fita, wato ayo za ka ce, ju (ku) kuma yu. Wancan ë mai ɗigo biyu a ƙarshen unë da kyar ake jin sa.

Wanda ya fi ba ni wuya shi ne kalmar "ne". A wurinsu ma'anarsa mu. Kunnen Bahaushe kuwa da ya ji ne sai ya ɗauka zance ya ƙare, kamar a "shi ne". Haka ma kalmar "ai": mu mukan ce "ai na faɗa maka", su kuwa namiji suke nufi. Sai da na yi mako biyu kafin kaina ya daina juya su zuwa Hausa.

Inda suka ajiye bambancin jinsi ma ya ba ni sha'awa. Mu muna raba kai da ke, su ti ɗaya ce ga kowa. Amma a jam'i, inda kalmar "su" ta ishe mu, sun raba: ata ga maza, ato ga mata, in an gauraya a ce ata. Kuma sau da yawa ba sa faɗin wakilin sunan, aikatau ya wadatar: jam, je, është, jemi, jeni, janë, wato ina, kana, yana, muna, kuna, suna. Sai za a ƙarfafa magana ake kawo unë, yadda mu ma ba mu cewa "ni ina lafiya" sai da dalili.

Saƙona na farko na ce, "Si je?", wato yaya kake, ina murna. Jikan ya rubuto mini cikin ladabi cewa babba ju ake ce masa, "Si jeni?", wato yaya kuke. Raina bai yi daɗi ba, don wannan ba sabon abu ba ne a wurina. Tun ina yaro in na durƙusa gaban mahaifina "kun tashi lafiya?" nake cewa. Tarbiyyar da aka ba ni a gida ita ce a yaren nasu, na manta da ita don ina karatu daga takarda.

Na sake ɗaukar murya, sau biyar ina gogewa. "Si jeni, Baba? Unë jam mirë." Wato ni ina lafiya. Baba ɗin ban fassara ba, su ma haka suke kiran uba.

Washegari bayan la'asar amsa ta zo, doguwa, da dariya a farkonta. A tsakiya na kama kalma biyu da kunnena, ne jemi, wato mu ne, sai wata kalma da ban sani ba. Na tambayi jikan. Ya ce vëllezër, 'yan'uwa. Na kira maiɗakina ta zo ta ji, na sake kunna mata daga wurin.