Yadda na kai ɗalibaina kurmin Osun-Osogbo

Ina koyar da tarihi a wata sakandare a Kaduna, ajina kuwa Musulmi da Kirista ne a gauraye. Da na sa kurmin Osun-Osogbo, inda masu addinin gargajiya na Yarabawa ke bautar Osun, abar bautar kogin da ya ratsa kurmin, cikin wuraren da za mu ziyarta, sai iyaye suka yi caa: "Malam, gidan tsafi za ka kai mana 'ya'ya?" Sai da na zauna da su muka yi sharaɗi: ba mai durƙuso, ba mai shan ruwan kogi, kallo da tambaya kawai. Yara ma na gindaya musu nasu: ba dariya, ba wa'azi, ba ɗaukar hoto sai an ba da izini.

Kurmin yana bakin garin Osogbo, babban birnin jihar Osun, faɗinsa kimanin hekta 75, UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2005. Na ɗauka gumakan da Susanne Wenger, baturiyar Ostiriya, ta gina tare da masu sassaƙa na garin su ne za su ɗauke hankalin yara. Ina! Wata dattijuwa mai hidimar wurin ce ta tsare su da kirarin Osun, wani yana yi mana tafinta. Ita ta ba su labarin Arugba, budurwar da ke ɗaukar ƙwaryar hadaya zuwa kogi a bikin watan Agusta, ana biye da ita har da Ataoja, sarkin garin.

A nan na gane ba shinge ne ya tsare itatuwan nan ba. Haramcin da masu bautar suka kafa ne: ba farauta, ba kamun kifi, ba sara. Ranar da aka rasa mai riƙe da kirarin da dokokin, gatari zai shiga, ko takardar UNESCO nawa ce a rataye. Abin da ya fi ba ni mamaki, Osogbo gari ne cike da Musulmi, ladan na kiran salla, kurmi na nan abinsa. Da azahar ta yi muka fita waje muka yi sallarmu, ba wanda ya harare mu.

Dattijuwar ba ta yi kukan masu wa'azi ba. Kukanta masu haƙar zinare ne a can sama inda kogin ke gangarowa, waɗanda suka mayar da ruwan kogin ja, ga shi dubban mutane na ɗibarsa a jarka don neman haihuwa da waraka.