Yadda muke fitar da taswirar da za a iya aiki da ita

Aikinmu a wannan kamfani shi ne taswira da tsarin bayanan ƙasa da ake kira GIS: iyakar fili da gona, layin bututu, magudanar ruwa, wuraren da ambaliya ke ci. Mai kawo aiki yakan ga takarda mai launi a ƙarshe ya ce ai zane ne, me ya sa ya yi tsada haka. Zanen shi ne mafi sauƙi a duk aikin. Wahalar tana wajen awo, da tabbatar da cewa kowane layi a takarda ya dace da inda abin yake a ƙasa.

Tambayar farko da muke yi ita ce me za a yi da taswirar, domin amsar ce ke yanke ma'auni. A ma'aunin 1:50,000, santimita 1 a takarda mita 500 ce a ƙasa, kuma layi mai kaurin rabin milimita ya rufe mita 25. Irin wannan ta isa tsara hanya tsakanin garuruwa, amma ba a raba gardamar iyaka da ita. Iyakar fili tana son 1:1,000 ko 1:500. Faɗaɗa ƙaramar taswira a kwamfuta ba ya ƙara mata daidaito, kuskuren ne kawai ke girma tare da ita.

Daga nan sai maganar da masu arha ke tsallakewa. Duniya a dunƙule take, takarda kuwa a shimfiɗe. In ka yanka fatar ƙwallo kana son ta kwanta a tebur, dole wani gefe ya miƙe ko ya yage. Kowane tsarin shimfiɗa taswira yana da abin da yake kiyayewa da abin da yake ɓatawa. Tsarin da masanin taswira Mercator ya fitar a 1569 yana kiyaye kusurwa, shi ya sa matuƙan jirgin ruwa suka riƙe shi, amma yana kumbura faɗin ƙasa yayin da ake nisa da ikwaita, wato layin da ya raba duniya arewa da kudu. A kansa Girinlan, babban tsibirin da ke can arewacin duniya, takan yi kusan girman Afirka, alhali Afirka ta ninka ta kusan sau 14. Taswirorin intanet irin su Google Maps sun ginu a kan wani nau'insa. Wanda ya lissafa faɗin gona kai tsaye da lambobin wannan tsari, a digiri 30 daga ikwaita zai sami ƙarin kashi ɗaya cikin uku, a digiri 60 kuma ninki huɗu. Mu a wani tsarin shimfiɗa da ake kira UTM muke lissafi. Ya raba duniya yanki 60, kowanne faɗin digiri 6, awonsa da mita, kuma a tsakiyar yanki bambancin awon taswira da na ƙasa bai wuce santimita 40 a kilomita ba, wanda muke gyarawa in aikin na buƙata.

Akwai kuma tushen awo, wato datum, mafarin da ake lissafa lambobin kowane wuri daga kansa. GPS yana aiki da tushen awo na duniya da ake kira WGS84, tsofaffin taswirorin ƙasashe da yawa kuwa an yi su a kan tushen awo na gida. Lambobi iri ɗaya a tushe biyu suna iya nuna wurare biyu da ke da tazarar mita gommai, wani lokaci ɗaruruwa. In aka ɗora sabon awo a kan tsohuwar taswira aka ga duk gidaje sun goce gefe guda da tazara ɗaya, nan ya kamata a fara dubawa kafin a zargi na'ura.

A fili, GPS na waya a sarari yakan yi kuskuren mita 3 zuwa 5, ya fi haka a ƙarƙashin bishiyoyi ko kusa da dogon gini, saboda sigina tana bugun bango kafin ta iso. A fili mai mita 30 da 15, wannan kuskure ya isa ya cinye wa maƙwabci ɗaki. Don iyaka muna amfani da na'urorin GPS biyu masu aiki tare da ake kira RTK, ɗaya a kafe a kan turken da aka san lambobinsa, ɗaya a hannu, sai kuskure ya sauko zuwa santimita kaɗan. Tsawon sandar na'ura ana auna shi a rubuta, kuma muna komawa turken farko a ƙarshen yini mu ga ko lambobin sun tsaya. In da jirgi maras matuƙi za a ɗauki hoto, kowane hoto ya hau na gabansa da kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari, a shimfiɗa alamomi a kusurwoyi da tsakiya a auna su, a ware wasu da ba za su shiga lissafi ba don a gwada sakamakon da su. Hoton tauraron ɗan'adam na kyauta yana da wurinsa: ɗigo ɗaya a hoton tauraron Sentinel-2 mita 10 ne a ƙasa, na tauraron Landsat mita 30. Suna nuna lafiyar shuka da bazuwar ruwa da kyau, katanga dai ba ta fitowa.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne masu yanko hoto daga intanet, su bi shi da layi, su manna kibiyar arewa, su karɓi kuɗi kaɗan. Sai aikin ya dawo hannunmu bayan an fara gini: a zanen filaye biyu sun hau juna, tsakanin wasu an bar siririn gurbi marar mai shi, bututu ya tsaya rabin mita kafin mahaɗarsa, manhaja ta ɗauka ruwa ba ya wucewa. Mu iyaka ɗaya muke zanawa tsakanin maƙwabta biyu, mu sa layi ya kama ɗan'uwansa, sannan mu bi duk fayil ɗin a manhajar taswira ta QGIS da binciken gurbi da hawa-juna kafin ya fita.

Wajen miƙa aiki ma ana gane gwani. Fayil ɗin taswira da ake kira shapefile ba guda ɗaya ba ne: .shp da .shx da .dbf dole su tafi tare, .prj kuma shi ke faɗin tsarin da aka yi awon a kai, in ya ɓata sai a koma canki-canka. Sunan kowane gurbin bayani a cikinsa ba ya wuce harafi 10, shi ya sa muka fi son GeoPackage, fayil ɗaya da ke ɗauke da komai. A takarda muna sa sandar ma'auni ban da rubutattun lambobi, domin in aka rage A3 zuwa A4 a injin kwafi, 1:1,000 ta daina aiki, sandar kuwa tana raguwa tare da zanen. A ƙasan kowace taswira tamu akwai tushen awo, lambar yankin UTM, ranar da aka shiga fili, da girman kuskuren da muka samu a wuraren gwaji. Duk wanda zai yi maka taswira, ko mu ko wani, ka nemi ya nuna maka waɗannan huɗu kafin ka biya.