Abin da na kwaso daga ƙungiyar rawa kafin in bar ta

Waɗanda muka yi aiki tare sun san na bar ƙungiya tun bayan Babbar Sallah, kuma maganar da ake yi a majalisun Ƙofar Ƙaura ta iso kunnena, wai kuɗi ne suka raba ni da Oga, shugaban ƙungiyar. Ba kuɗi ba ne, ko da yake har gobe ina bin bashin alawus. Rawar Kusugu ce ta raba mu.

Labarin ai babu ɗan Katsina ko Daura da bai san shi ba: macijin rijiyar Kusugu ta Daura ba ya bari a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya sare masa kai. Duk wanda na ga ya ɗora labarin a dandamali, a kan takobi yake ƙarewa. Ni kuwa sauran kwana shidan nan na jira su suka tsaya mini a rai. Sai na tsara rawar a kan mata ɗauke da tulu ba ruwa. Ba tsalle, ba juyi. Ƙafa a dashe, motsin ya taso daga ƙugu, ya bi gadon baya a hankali har wuya, mai kallo ya ji nauyin tulun alhali wofi ne. Na daɗe ina kallon bidiyon Germaine Acogny, wadda ta jagoranci makarantar Mudra Afrique a Dakar daga 1977, daga baya ta kafa École des Sables a ƙauyen Toubab Dialaw na Senegal. Ita koyarwarta a kan ƙashin baya ta ginu. Da na nuna wa Baba mai kalangu a waya, dariya ya yi, ya ce, "Ɗan nan, ka bar ƙona data. Je ka tsaya bakin rijiya ka kalli mace tana jan guga." Na je na kalla, kuma rabin rawar daga can ta fito. Baba ne ya ba rawar kiɗa: bugu ɗaya, ya matse kalangun a hammata, ya sake shi a hankali har sautin ya mutu, sannan wani bugun. Yaran sun sha wuya kafin su koyi tsayuwa cikin wannan shirun ba tare da sun yi soshe-soshe ba.

Ana saura mako biyu mu tafi Abuja wani taron baje kolin al'adu, Oga ya leƙo rihaza. Bai ko zauna ba. "Wannan rawa ce ko zaman makoki?" Ya ce ba al'adarmu ba ce, a cire, a sa samari su ɗaura kacau-kacau su yi koroso da alkafura, manya su tafa. Ba ni da faɗa da koroso, a cikinta na tashi. Amma ita ma ai ba daga sama ta faɗo ba. A Kano aka harhaɗa ta a shekarun 1970 daga raye-rayen Hausawa da Fulani, wato wasu ne suka zauna suka tsara ta kamar yadda na tsara tawa. Na faɗa masa haka a gaban yara, ya ce in iya bakina.

Ashe matar da ke shirya taron ta ga guntun bidiyon rihazarmu a wayar wani, ta bugo ta ce ita waccan ta masu tulu take so. Nan take Oga ya zama masoyin rawar. Muka yi ta, zaure ya yi tsit, aka tashi tsaye ana tafi. Da na buɗe takardar tsarin taro, a wurin "wanda ya tsara" sunansa na gani. Shi aka kira, ya hau da babbar riga ya karɓi lambar yabo. Bayan mun dawo na ji shi a rediyo yana ba da labarin yadda tunanin ya zo masa ranar da ya ziyarci Kusugu. Na same shi a ofis, na durƙusa, na ce, "Ranka ya daɗe, ko a ƙasa ne da ƙananan haruffa, da an sa sunana da na Baba." Ya dube ni ya ce kai da kaya duk mallakar wuya ne.

To ga abin da zan faɗa wa masu tasowa. Mawaƙi muryarsa na cikin faifai, marubuci sunansa na bangon littafi, amma mai tsara rawa aikinsa a jikin wasu yake zaune, ranar da suka bi wani shugaba ya tafi da su. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta lissafa tsarin rawa cikin ayyukan da take karewa, amma sai an adana shi, a rubuce ko a bidiyo. Saboda haka ka ɗauki kowace rihaza, fuskarka da muryarka a ciki kana koyarwa, ka tura wa kanka ta imel don kwanan wata ya zauna. Kuma a yi maganar suna a takarda tun kafin a ɗaga ƙafar farko, don hatta manya ba su tsira ba. Martha Graham, wadda Amurka ke ji da ita a rawar zamani, ta rasu a 1991, magajinta da cibiyarta suka kai juna kotu, a 2002 aka yanke cewa mafi yawan raye-rayenta na cibiyar ne, tunda albashi take karɓa lokacin da ta tsara su. Ita tana da albashin ma ke nan. Ni ko takardar ɗaukar aiki ba a taɓa ba ni ba.

Sauran shawarwarin ba su da tsawo. Ka sallami makaɗi kafin ka sallami kanka. Kada ka yarda da rihaza a kan siminti, gwiwa ba ta yafewa. Iyayen 'yan mata kai da kanka za ka je ka gaishe su, kuma ka mayar musu da 'ya'yansu kafin magariba. Kowane gurbi ka koyar da mutum biyu, domin wadda ta fi kowa iyawa ita aure ke fara ɗaukewa.

Yanzu ina da 'yan yarana a Daura, muna rihaza a wani tsakar gida mai rairayi, kuma Baba na zuwa duk ƙarshen mako ba tare da na roƙe shi ba. An turo mini bidiyon ƙungiya suna yin rawar Kusugu a wani biki. Sun gutsure shirun, inda ake ƙirga takwas huɗu suke ƙirgawa, don ba wanda ya san dalilinsa. Tulunan da suke ɗauka kuwa da kuɗina na saye su. Wanda ke kusa da Oga ya taimaka ya faɗa masa ina son kayana.